Haƙuri Daban, Shiru Daban

A Gure, in an tambayi mutum, "Ina gajiya?" sai ya ce, "Babu gajiya." Ko da yanzu ya sauko daga motar Damagaram, jikinsa duk ƙura, amsar ke nan. In an ce, "Yaya gida?" sai ya ce, "Lafiya lau." Wannan ladabi ne, kuma ladabi abu ne mai kyau. Ba a tare mutum a bakin hanya a sauke masa kayan baƙin ciki. Amma bayan gaisuwa ta ƙare, wa yake jin sauran maganar? Akwai mutanen da suke kwana da abu a ciki wata da watanni, ba su da wanda za su faɗa wa.

Yara ma suna cikinsu. Manya da yawa suna cewa, "Me yaro ya sani? In ya ci ya ƙoshi, ya yi wasa, ya yi barci, shi ke nan." Ba haka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin bakwai yana fama da wata matsala ta hankali ko ta damuwa. In an tara yara 70 masu waɗannan shekaru, 10 ke nan.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Uban wani ya tafi ci-rani Libiya, da yana kira, yanzu wayarsa ba ta shiga. Uwar wata an sake ta, ta koma gidan iyayenta a Kelle, an bar yarinya a hannun kishiyar uwa. Wani an kai shi riƙo, ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Wasu kuma daga gabas suka zo. Ran 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, daga nan dubban mutane suka bar gidajensu. Babbar hanyar da ta taso daga Difa zuwa Damagaram ta Gure ta bi. Wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fito a 2019 ya nuna cewa inda aka yi yaƙi, mutum ɗaya cikin biyar yana da irin wannan ciwo. Yaron da ya taɓa gudu cikin dare saboda harbi, ko ƙofar kwano ce iska ta buga, sai ya firgita.

Tsofaffi ma suna da nasu. A farin 1973 da 1974, da kuma na 1984, makiyaya da yawa sun wayi gari garkensu ya ƙare. An ƙirga dabbobin da suka mutu, an ƙirga buhunan hatsin da aka raba. Abin da ya samu zuciyar mai dabbobin ba ya shiga lissafi.

Akwai mutanen da suka yi karatu musamman don wannan. Iri biyu ne. Akwai likitan hankali: shi likita ne cikakke, yana duba mara lafiya, yana rubuta magani. Akwai kuma masanin halayyar ɗan Adam: shi ba ya allura, ba ya ba da ƙwaya, kayan aikinsa kunne da baki. Yakan zauna da mutum kusan awa guda, sau ɗaya a mako. Yana tambaya, yana saurare. Ba ya faɗa, ba ya dariya, kuma ba ya fitar da maganar waje. Da yake sun saurari mutane masu yawa a ƙasashe masu yawa, sun gano abubuwan da ya kamata kowa ya sani.

Suna cewa baƙin cikin da aka hana fita ta baki yakan fita ta jiki. Ga ciwon kai, ga ciwon ciki, an auna jini ba a ga zazzaɓin cizon sauro ba. Barci ya ƙi zuwa. Abinci ba ya shiga. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya koma yi. Wani ya zama mafaɗaci, kowa ya taɓa shi sai dambe. Wata da take cikin na gaba a lissafi ta koma kallon allo kamar ba ta taɓa ganin lamba ba. Harshen Hausa ya san wannan tun kafin likitoci su rubuta. Ai ciki ne ake cewa ya yi baƙi ko ya yi fari. Ana cewa gabansa ya faɗi, jikinsa ya yi sanyi, zuciyarsa ta tafasa. Duk sassan jiki ne. Wanda ya ƙago waɗannan kalmomi ya lura da mutane ƙwarai. To, in malam ya ga ɗalibinsa ya canza haka, ya ce rago ne, ya ɗauko bulala, ya ƙara wa mai kaya kaya.

Suna cewa kuma yaro yakan ɗora wa kansa laifin abin da manya suka yi. In aure ya mutu, sai ya riƙa tunani, "Ko don na ƙi zuwa aike ne Inna ta tafi? Ko don kukana ne Baba ya yi fushi?" Ba ya faɗa, amma abin yana cinsa. Magana ɗaya daga bakin babba ta isa ta sauke masa rabin kayan: "Wannan tsakanin manya ne, ba laifinka ba ne." Maganar ba ta cin ko dala. Duk da haka yara da yawa suna girma ba su taɓa jin ta ba.

A wajen mutuwa abin ya fi ciwo. Uwa ta rasu, sai a ce wa ƙaramin yaro, "Ta tafi unguwa," ko "Ta yi tafiya, za ta kawo maka tsaraba." Don tausayi ake yi, ba don mugunta ba. Amma yaron ya yarda. Kullum da marece yana bakin zaure yana duban hanya. Wata ya wuce, wani ya zo. Daga baya sai ya fara zaton uwarsa ta guje shi. Ran da ya ji gaskiya, wataƙila daga bakin wani yaro a wurin wasa, sai ya yi hasara biyu: ya rasa uwa, ya kuma daina yarda da maganar manya. Masanan suna cewa a faɗa wa yaro gaskiya, da kalmomin da suka dace da shekarunsa, a bar shi ya yi kuka, a amsa tambayarsa ko sau goma ya maimaita. A nan sun fi al'ada gaskiya.

Bayan yaƙin duniya na biyu, yara da yawa a Turai sun rabu da iyayensu. Wani likita na Ingila, John Bowlby, ya yi nazarin irin waɗannan yara, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951. Ya nuna cewa abinci da tufafi ba su isa ba. Yaro yana bukatar babba wanda ba ya canzawa, wanda zai ruga wurinsa in ya tsorata. Shi ya fi ba da ƙarfi ga uwa. Amma a gidan da akwai kaka, da gwaggo, da inna, da yaya, ba dole sai wadda ta haifa ba. Abin da ake bukata shi ne yaron ya san wa ke nasa. Gida yana iya cika da mutane ashirin, maraya ya rasa ko ɗaya.

Wasu za su ce, "Wannan duk al'adar Turawa ce. Musulmi haƙuri aka san shi da shi." Haƙuri kam babban abu ne, babu mai musu. Amma wa ya ce haƙuri shi ne shiru? Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ana ba da misali da haƙurinsa, kuma shi ne ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusufu har idanunsa suka daina gani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ran da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu, har yau sunanta shekarar baƙin ciki. Haƙuri shi ne kada mutum ya yi saɓo, kada ya yanke ƙauna, kada ya cuci wani don an cuce shi. Bai hana hawaye ba, bai hana faɗa wa amini ba.

Ilmin kansa ma ba a Turai ya fara ba. Wani malami, Abu Zaid al-Balkhi, mutumin ƙasar da ake kira Afganistan yanzu, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da lafiyar rai. Ya yi bayanin fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Ya raba baƙin ciki biyu: mai dalili sananne, kamar mutuwa ko hasara, da wanda yake saukowa babu dalili, wanda tushensa a jiki yake, sai an haɗa da magani. Wajen shekara dubu bayansa ne Sigmund Freud ya fara jinyar mutane da magana a ƙasar Ostiriya.

Akwai wata magana da ta fi wannan nauyi. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne. Asirin da ya faɗa kunnen da bai dace ba, kafin azahar ya kai bakin rijiya, kafin la'asar ya kai kasuwa. A gari kamar Gure kowa ya san kowa. Yarinyar da ta faɗi sirrin gidansu ga mai surutu ta jawo wa kanta sabuwar damuwa. Saboda haka ba a ce a faɗa wa kowa ba. Mutum ɗaya mai riƙon amana ya isa. Kunya ma tana da gurbinta. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari ba ƙinsa take ba, shi ma ya sani. Baƙon da bai san ƙasa ba zai ce babu ƙauna tsakaninsu, ya yi kuskure.

Masanan Turai sun yi irin wannan kuskure da yawa. Sun saba da mutum ɗaya a ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, kamar ba shi da dangi. Wani likita Bayarabe, Thomas Adeoye Lambo, ya ga wannan ba zai yi a Afirka ba. Ya yi karatu a Ingila, ya komo Najeriya, a 1954 ya fara wani sabon tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti. Kowane mara lafiya da ɗan'uwansa mai kula da shi, uwa ko ƴar'uwa ko gwaggo. Da rana su zo asibiti a duba su, da marece su koma cikin jama'a. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya, bai raina su ba. Tsarin ya yi suna a duniya, har daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Dakar ma, a asibitin Fann, likita Henri Collomb ya riƙa tara marasa lafiya da danginsu da ma'aikata a fili, ana tattaunawa kamar a dandalin ƙauye.

Ashe abin da Lambo ya nema yana nan a gida. Zaman makoki jinya ce: kwana uku ba a barin mai rashi shi kaɗai, a komo ran bakwai, a komo ran arba'in. Wasan kaka da jika jinya ce: yaron da ba ya iya ɗaga ido gaban ubansa yana zuwa ɗakin kakarsa ya faɗi abin da ke ransa, ana raha. Wasan taubashi ma haka. Babarbare da Bafillace sun haɗu a kasuwar Gidigir, kowa yana cewa shi ne ubangidan wani, ana dariya, kuma cikin dariyar ana faɗin gaskiyar da wani ba zai iya faɗi ba sai an yi faɗa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin abubuwan gado na duniya. Samari suna da fada, inda ake dafa shayi ana hira har dare. Ƴan mata suna da ƙawaye.

Sai dai akwai ramuka a cikin wannan tabarma. A gidan makoki ana yi wa manya gaisuwa, yara kuwa a ce su je waje su yi wasa, alhali uban da aka binne nasu ne. Bayan arba'in ƙafa takan ɗauke, kuma a lokacin ne kewa take fara cizo. A fada ana zancen ƙwallo da babur, amma saurayin da ya ce zuciyarsa ba daɗi sai a ce ya zama mace. Ramin da ya fi girma shi ne saurin cewa, "Yi haƙuri." Mutum ya buɗe baki, bai kai rabin zance ba, an ce, "Yi haƙuri, sai haƙuri." Kalmar mai kyau ce, amma in ta zo da wuri ma'anarta ita ce, "Ya isa, yi shiru." Gurbinta a ƙarshe yake, bayan an ji duka.

Ana iya koyon saurare kamar yadda ake koyon karatu. An gwada a ƙasar Zimbabuwe. Can akwai wani likitan hankali, Dixon Chibanda. Wata mara lafiyarsa da ke zaune nesa da Harare, babban birnin ƙasar, ta rasa ranta, domin ba ta da kuɗin motar zuwa wurinsa. Abin ya dame shi. Ya ga likitoci irinsa ba su da yawa, kuma ba za su taɓa kai wa kowane ƙauye ba. Ya duba ya ga wa ake samu a kowace unguwa, wanda ba ya ƙaura, wanda ake girmamawa? Tsofaffin mata. A 2006 ya fara da kakanni 14 a unguwar Mbare. Aka koya musu yadda ake tambaya, da yadda ake yin shiru a bar mutum ya gama, da yadda ake taimakonsa ya zaɓi matsala ɗaya cikin matsalolinsa, ya nemo mata hanya da kansa. Aka kafa benci na katako a harabar gidan likita. Mai damuwa ya zo ya zauna da kaka, har sau shida. Ba su kira ciwon da sunan Turanci ba. Da harshensu na Shona suna ce masa yawan tunani. Bahaushe ma haka yake cewa: tunani ya yi masa yawa.

An auna aikin. An ɗauki mutum 573 a gidajen likita 24 na Harare, aka raba su biyu. Kashi ɗaya suka zauna a benci, ɗaya kashin aka kula da su yadda aka saba. Bayan wata shida, cikin waɗanda aka kula da su yadda aka saba, wajen 50 cikin 100 suna nan da alamun ciwon baƙin ciki. Cikin masu zaman benci, wajen 14 cikin 100 kaɗai. An buga sakamakon a 2016. Daga nan wasu ƙasashe suka ɗauki dabarar, har da Amurka.

Likitocin hankali a Nijar kaɗan ne, yawancinsu kuma a Yamai suke. Daga Gure zuwa babban asibitin Damagaram tafiyar fiye da kilomita 150 ce, balle ga mutumin Bune ko na cikin kwari, wanda sai ya yi yini kafin ya kai bakin kwalta. Amma kakanni ba su yi ƙaranci ba, inuwar bedi ma haka, tabarma ma haka. Abin da ya rage horo ne. Ya kamata a koya wa ma'aikatan gidan likita na ƙauye wannan aiki, da ungozomomi, da tsofaffin da unguwa ta yarda da su. Ya kamata makarantun horar da malamai su sa shi cikin darasi, domin malam ne yake ganin yaro kwana biyar a mako, shi ne zai fara lura in ya canza.

Magana ba ta maganin kome da kome. Wanda yake jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya bar gida yana yawo ba ya gane danginsa, likita yake bukata, kuma akwai magani. Saurayin da ƙwayar tramol ta kama, shi ma haka. Farfaɗiya kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma na masu ita za su daina faɗuwa in sun samu magani suna sha kullum. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti bai hana addu'a ba. Abin da ba shi da gurbi shi ne mari a ƙafa, da duka, da horon yunwa. Haka nan yaran da suke bin mai taɓin hankali a kasuwa suna waƙa suna jifa. Mutumin nan ɗan wani ne, wataƙila uban wani ne, wataƙila ma ɗansa yana cikin ajin masu jifan, ya sunkuyar da kai.

Riƙon amana ma yana da iyaka. In aboki ya ce wani babba yana cutarsa a ɓoye, ko yana taɓa shi inda bai kamata ba, ko ya ce ya gaji da duniya yana so ya hallaka kansa, wannan ba sirrin ajiyewa ba ne. A faɗa wa malam ko wani babba mai hankali a ranar, ko da abokin zai yi fushi.

Sauran kuwa ɗalibi yana iyawa. An fita shan iska, kowa yana guje-guje, ɗaya yana gindin bango shi kaɗai, alhali da shi ne mai tsaron gida a wasan ƙwallo. Sai a je a zauna kusa da shi. In an tambaya zai ce, "Ba kome." Kada a matsa masa, kada kuma a tashi da sauri. A raba ƙuli-ƙuli ko dabino da shi. Gobe a sake tambaya. Ran da ya fara magana, a kame baki a bar shi ya kai ƙarshe, kada a ce, "Ai ni nawa ya fi naka." In mako biyu suka wuce ba ya ci, ba ya barci, ba ya son wasan da ya saba so, sai a raka shi wurin malam bayan an tashi, lokacin da aji ya watse.